Faifan da Na Rufe wa Baki

Da asuba muka bar Malumfashi, ni da yayana da matarsa, sanyi na yankar kunne. Umara za mu, shi ya biya min, ladan wahalar da na sha da 'ya'yansa lokacin da matarsa ta yi jinya. Ku da kuke ta damuna da "ina hotuna, ina tsaraba", to ga labarin. Amma ku sani tun yanzu, akwai abin da na ɓata a tafiyar nan da hannuna, kuma har yau ban gama gyara shi ba.

Mun riga mun shiga mota sai ga kakata Iya ta fito tana ɗingishi, da wani abu naɗe a tsohon zane. Ta yafito ni gefe, inda yayana ba zai ji ba. Faifai ne, babba, na kaba, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Wata huɗu ta yi tana ɗinka shi don hannunta rawa yake yi yanzu. Na yayarta ne, Yaya Kande, wadda ta bi mijinta aikin Hajji ta hanyar Chadi da Sudan tun Iya ba ta yi aure ba, suka zauna a Madina, ba su sake ganin juna ba.

Sai na ɗan yi muku bayani. Gidanmu can asali Maguzawa ne, kakan Iya bai taɓa sallah ba. A zamaninsu, in an gama girbi, ɗari ya kai tsakiya, dare ya gama tsawonsa, akan yi biki, a yi yanka, a sha giya, matan da aure ya raba su aika wa juna faifan da suka ɗinka. Musulunci ya zo, giya da yanka suka tafi, faifan ne kaɗai ya rage a hannun tsofaffi. Yayana ko sunan abin ba ya son ji, kayan jahiliyya yake ce masa. Ni kuwa ban ɗauke shi komai ba, aikin tsofaffi da ba su da abin yi. Iya ta sa na duba mata a waya ranar da dare ya fi tsawo a shekara, aka yi sa'a ta faɗo cikin kwanakinmu na Madina.

"A ranar za ki ba ta, hannu da hannu," in ji Iya. "Kuma bakin nan, 'yar nan, tsaya ki ji..."

Direba ya danna hon. Yayana ya leƙo ta taga.

Na ce, "Iya na ji, na ji. Faifai ne fa, ba jariri ba."

Na fizge shi na shige mota. Ta madubi na hango ta tsaye, baki buɗe, maganar ba ta gama fita ba.

Hanyar Dayi zuwa Gwarzo ku kun san ta, wani wurin kwalta, wani wurin addu'a. Dammunan dawa jibge a bakin gonaki, mata na sussuka. A Gwarzo muka tsaya muka ci waina da miyar taushe, mai wainar na zuba miya kamar tana ɗiga magani a ido. Kafin azahar muka shiga Kano, 'yan adaidaita suka karɓe mu da hayaƙi da zagi, muka sauka gidan gwaggonmu a Kurna don jirginmu sai washegari.

A gidan nan na yi ɓarnar. Bayan la'asar ina sake shirya akwati, na jawo sabuwar abayata, sai na ji ta maƙale. Zagayen ƙarshe na faifan ba a gama shi ba, silayen kaba sun yi cirko-cirko kamar gashin bakin kyanwa, ɗaya ya soki abayar ya ja zare tun daga hannu har ƙirji. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, idon Iya ya gaza, ta kasa ƙarasawa, ta haɗa ni da aikin da ba a gama ba, in kai garin Manzo a yi mana dariya. Na ari almakashi, na datse silayen kakaf, na lanƙwasa ƙarshen, na ɗinke shi da baƙin zare da allura. Ya yi tsaf. Har na ɗaga shi na nuna wa matar yayana, ta ce kai, kin iya. Minti goma bai kai ba.

Filin jirgi kuwa kasuwa ce. Kowace hajiya da ƙullin kuka, daddawa, yaji, kilishi, kamar a can ba a girki. Wata dattijuwa ta rantse jakarta ba ta wuce kilo ba, ma'auni ya ƙaryata ta, ta ce ma'aunin ne bai da tsoron Allah. Hawana jirgi na farko ke nan. Kunnena ya toshe, na riƙe hannun kujera har yatsuna suka sage, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Makka labarinta daban ne, ba zan cusa shi nan ba. Mun yi Umara, na ga Ka'aba da idona na yi kuka, ƙafafuna suka kumbura da ɗawafi. Kwana huɗu muka yi, muka hau bas zuwa Madina.

Titin nan, jama'a, ko ramin da zai ɗauki ƙwai babu. Tafiya ce ta wajen awa biyar, hagu da dama duwatsu ne tsirara, ba itace ba gona, jefi-jefi raƙuma. Na yi ta tunanin yadda Yaya Kande ta ratsa irin wannan ƙasa tana yarinya, ba na'urar sanyi, ba ruwan gora. Mun tsaya wani wurin cin abinci, aka kawo shinkafa da kaza a faranti ɗaya mai faɗin tabarmar sallah, muka zauna a ƙasa muka ci da hannu. Shinkafar ba yaji, sai ƙamshi. Matar yayana ta zaro yajinta daga jaka, mutanen bas kaf suka zama 'yan uwanta. Shawara ɗaya zan ba ku: kada ku riƙa juya riyal zuwa naira a ka. Na gwada a kan kofin shayi ɗaya, shayin ya daina min daɗi.

Madina ta fi Makka sanyi, na gari da na zuciya. Ba wanda ya gaya min akwai ɗari haka a Saudiyya. Da asuba in za mu masallaci iska ke shiga ta ƙasan abaya, dutsen farfajiya kamar ƙanƙara, dole na sayi safa biyu na haɗa. In rana ta ɗaga sai manyan lemomin inuwa na farfajiyar masallacin su buɗe da kansu a hankali, mutane su tsaya suna ɗauka a waya, ni ma na tsaya, ba zan yi ƙarya ba. Masu shaguna kuwa, Larabawa da 'yan Pakistan, Hausa suke yi: "Hajiya zo, araha, kyauta!" Kyautar da in kin taɓa sai jakarki ta yi kuka. Karin kumallonmu kullum gurasar tanda mai faɗi da wake dafaffe da man zaitun, da shayi mai na'ana'a. Na shiga Rauda rana ta biyu, an matse ni har na kusa suma, amma na samu na yi raka'a biyu, alhamdu lillahi.

Ranar da Iya ta ce, bayan la'asar, muka ɗauki tasi ni da yayana zuwa Harra ta Yamma, unguwar su Yaya Kande. Da an bar unguwar otal-otal sai gari ya canja. Gidaje masu hawa biyu zuwa uku, tankunan ruwa a sama, ƙananan shaguna, kuma duk inda ba a yi gini ba baƙin dutse ne kamar an toya ƙasa. Direban ya bi alamar da aka turo mana a waya, ya sauke mu ƙofar wani gida mai ƙofar ƙarfe. Tun a matakala na ji ƙamshin daddawa, na ce lallai nan ne.

Aka wuce da yayana ɗakin maza, ni kuma 'yar Yaya Kande ta karɓe ni, Inna Maryam, babbar mace, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, a can aka haife ta. Hausarta rabi da rabi ce. 'Ya'yanta 'yan mata biyu suna jin duk abin da na ce, amma da Larabci suke amsawa, su yi dariya su rufe baki. Aka kawo gahawa mai ɗaci a kofi kamar murfin kwalba, da dabino.

Tsohuwar na zaune a ƙasa, a kan darduma, an lulluɓa mata bargo biyu. Fuskar Iya ce sak, sai dai ta fi ƙanƙancewa. Idonta ya yi fari, haske kawai take gani. Kunne kuma sai an sa baki a ciki an yi ihu. Shi ya sa waya ba ta yi musu amfani, ita da Iya. A gefenta akwai kwano da ruwa, an jiƙa silayen ganyen dabino a ciki, ga basilla a kan cinyarta. Inna Maryam ta ce tun safe ta sa aka jiƙa mata, ta hana kowa taɓawa. Ban gane dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Tsohuwar ta shafa fuskata da hannu biyu. "Jikar Ladi ce? Goshin nan namu ne." Ladi sunan Iya ne, ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Ta tambaye ni tsamiyar bakin rijiya, ta tambayi mutanen da suka mutu tun ba a haifi uwata ba. Sannan ta miƙo hannu.

Na kwance zanen na ɗora mata faifan, ina jin kaina.

Ta fara daga cibiya. Yatsunta na bin zagaye ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi, tana cewa, "Har yanzu tana matse ɗinki, ja'ira." Ta kai baki. Ta zagaya shi sau ɗaya. Ta sake zagayawa. Yatsanta ya tsaya a kan ɗinkina. Murmushin ya tafi. Ta ajiye basillar a ƙasa a hankali, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

Na kalli Inna Maryam. Ta karɓi faifan ta duba, ta dafe ƙirji.

"Ya binti, wa ya rufe wannan?"

"Ni ce. Ba a gama shi ba ne, ya yaga min abaya."

"La haula. Ke ba a faɗa miki ba? Mai bayarwa ba ta rufe baki. Tana barin zagayen ƙarshe, wadda aka kawo wa ita ke rufewa da hannunta. In ya zo a rufe, ya'ani mai shi ta rasu, 'ya'yanta ne suka ƙarasa mata. Halas, shi ke nan."

Na ji kamar a buɗe ƙasa in shige. Na durƙusa na sa baki a kunnen tsohuwar na yi ihu, "Iya tana nan da ranta! Ni ce na yanke! Ban sani ba ne!"

Ta girgiza kai. "Ladi ba ta ɗinki da zare. Wannan hannun yarinya ne."

"Ni ce yarinyar!"

"To ke kika ƙarasa mata. Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Aka kira yayana, ya buga gida, aka kai wa Iya waya. Ga ta nan a fuskar wayar, tana ta ƙwala kira, "Yaya! Yaya Kande! Ni ce Ladi!" Muka manna wayar a kunnen tsohuwar, muka ƙure murya. Ta saurara, ta ture ta. Ta ce ƙara kawai take ji, kuma kowace tsohuwa za mu iya samowa mu sa ta yi magana. Ta ce haka aka yi mata da mahaifiyarsu, shekara biyu duk alhajin da ya zo sai ya ce tana gaishe ki, alhali tana ƙasa. "Mutane suna ɓoye mutuwa don tausayi, na sani. Shi ya sa muka yi alkawari da Ladi, mu ba mu yarda da maganar baki ba, sai faifai." Ta sa aka ɗauke kwanon ruwan. Ba ta yi kururuwa ba, hawaye ne kawai ke bin tamojin fuskarta, tana jan carbi.

A tasi yayana ya fara, "Ai shi ya sa nake cewa irin waɗannan al'adu..." Na ce, "Yaya, don Allah ka yi shiru." Ban taɓa gaya masa haka ba. Ya juya kai wajen taga.

Kwana uku suka rage mana, biyu a gidan na yi su. Na farke ɗinkina da reza a gaban tsohuwar, na kama yatsanta na ɗora a wurin, in nuna mata. Amma silayen na riga na datse su a gindi, ba abin da za a kama a ci gaba. Ta taɓa, ta ce, "Ki daina wahalar da kanki." Inna Maryam ta rantse mata da Allah, babban ɗan tsohuwar ya zo daga unguwar Aƙiƙ takanas ya rantse. Takan ce to, sai kuma an jima a ji tana yi wa Ladi addu'ar samun rahama. Rana ta uku ta sa aka dafa shinkafa da nama aka raba wa maƙwabta sadaka. Ba wanda ya iya hana ta. Aka zubo min, na kasa kai loma. An yi min tuwo da miyar kuka a gidan nan, an kai ni kasuwar dabino, an kai ni Ƙuba da Uhudu, duk na je, amma kamar wata ce ta je ba ni ba.

Da na je sallama Yaya Kande ta jawo wani abu daga ƙarƙashin matashinta. Faifai ne na ganyen dabino, fari, ba rini, ɗinkin wani wuri ya karkace don da lalube aka yi shi. Na Iya ne, tun bara ta fara. Inna Maryam ta raɗa min cewa har shekaranjiya bakinsa a buɗe yake. Yanzu a rufe yake ruf.

"Ba mai rufe min," in ji tsohuwar. "Ki kai gida, a rufe kwanon baƙi da shi."

Na roƙe ta ta bar ko sili ɗaya. Ta shafa kaina ta ce in gaida mutanen gida.

Daga Madina jirgi ya ɗauko mu kai tsaye zuwa Kano. Faifan a cinyata ya zo, ban yarda ya shiga akwati ba. A sama shaiɗan ya zo min da dabara, in farke bakin in ce haka aka ba ni. Na san ba zai yiwu ba, Iya ta ga komai a waya, kuma dabarata ce ta kawo mu nan tun farko. Muka kwana Kurna, muka kamo hanyar Gwarzo, ramukan da na raina a tafiya ko jin su ban yi ba.

Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam da carbi. Na bar su na shiga ɗakin Iya. Na durƙusa na miƙa mata, na faɗi komai, har almakashin, har abayar. Ta bi shi da yatsa tun daga cibiya, kamar yadda yayarta ta yi.

"Hannunta ne har ƙarshe," ta ce. "Ta yi min makoki?"

"Ta yi, Iya. Har sadakar uku."

"Da nama?"

"Da nama."

Ta ɗan yi dariya. "Yaya Kande da rowa, ashe ina da daraja." Sai dariyar ta tsinke, ta juya fuska bango. Ba ta yi min faɗa ba, ko kalma ɗaya, har yau.

Washegari na ce ta ɗinka wani. Ta ce lokaci ya wuce, rana ta riga ta juya, sai baɗi. Na ce Iya, matar nan ta haura tamanin, kullum tana yi miki addu'ar matattu, wace baɗi? Kwana biyu muna ja, sannan ta ce in je kasuwa in sayo kaba da rini. Akwai maƙwabciyarmu da za ta Umarar azumi, ta yarda za ta kai. Matsalar ita ce hannun Iya. Wancan wata huɗu ya ci, yanzu ba mu da wata huɗu, kuma ba dama in taya ta ɗinki ko sili ɗaya, don tsohuwar can za ta gane. Abin da aka yarda in yi shi ne tsaga kaba da jiƙawa da zura basilla. Kullum bayan la'asar ina zaune a gabanta, ni da ban iya zaman minti biyar ba, ina kallon zagaye ɗaya yana cin yini guda.

Na je garin Manzo, na yi sallah a Rauda, na ga abubuwan da ban taɓa zaton zan gani ba. Amma abin da tafiyar nan ta koya min a ƙofar gidanmu aka so gaya min shi, kyauta, na ce na ji alhali ban ji ba. In tsoho ya ba ku saƙo, ku kai shi yadda aka ba ku, ko da ya yi muku kama da aikin da ba a gama ba. In ya buɗe baki zai yi bayani, ku bar direba ya yi ta hon.

Jiya Inna Maryam ta turo saƙon murya, ta ce jikin Yaya Kande da sauƙi, amma ta rage cin abinci. Faifan Iya yanzu ya kai faɗin tafin hannu. Ku sa tsofaffin nan biyu a addu'a, Allah Ya ara musu kwana har ya isa.